Hoton Umma a Shafin Ciyaman

Shekara bakwai ke nan ina gina shafukan intanet, amma har yau a gidanmu mai gyaran waya ce ni. Wanda ya manta lambar sirrinsa, ni. Wadda hotuna suka cika mata waya, ni. Laifin 'yan fim ne, su da ke nuna mutum yana dukan kwamfuta kamar mai jin haushinta, minti biyu ya buɗe banki. Aikin gaskiya kuwa, sai ki wuni kina neman waƙafi ɗaya da ya ɓata.

Mijin yayata, wanda ya raɗa wa kansa suna Ciyaman ba tare da kowa ya zaɓe shi ba, ya same ni a ofis ranar wata Talata. Ofishin ɗaki ɗaya ne, tebur biyu da fanka mai kuka. Turarensa ya riga shi shigowa.

"Ƙanwata, kirifto za mu fitar, kuɗin intanet, namu na kanmu. Shafi nake so ki haɗa mana."

"Me ke bayan kuɗin naku? Gona ce ko masana'anta?"

"Jama'a mana!"

Nan raina ya ɓaci. Ba ni da faɗa da fasahar kanta, na karanta ta, akwai basira a ciki. Amma irin wanda su Ciyaman ke tallatawa, na baya ne ke biyan na gaba, har ranar da za a rasa na baya. Na faɗa masa haka, ya yi dariya ya ce boko ya sa min tsoro. Da yamma Yaya ta kira, murya a sanyaye. Wai samfuri kawai yake so ya nuna wa abokan hulɗarsa, kar in kunyata ta. Na ce to, ina tsaki.

A sana'armu, in ana haɗa samfuri ba a barin gurbi fayau. Ana cusa hoto da rubutu na wucin gadi don mai aiki ya ga yadda abin zai kasance, daga baya a cire. Shafin yana da wurin shaidar abokan ciniki, fuska uku da 'yan kalamai. Na buɗe manhajar da nake ɗauko hotuna kyauta, sai ta ce an sabunta ta, yanzu sai an biya. Haka suke, kullum sabuntawa, abin da ke aiki lafiya jiya yau ya lalace. Cikin haushi na jawo hotuna daga wayata: ni, kyanwar maƙwabta, da Umma zaune a kujerarta tana murmushi. A ƙarƙashin nata na rubuta, "Na saka kaɗan, ya dawo min ninki biyu. Alhamdulillahi." Har dariya na yi wa kaina. Na tura wa Ciyaman adireshin gwaji, na ce kar ya ba kowa.

Sati uku ban sake jin ɗuriyarsa ba, na ɗauka abin ya bi ruwa.

Duk Asabar da rana nakan je wurin Umma mu kalli wani wasan kwaikwayo mai dogon zango. Ni ba na son sa, an kai kashi na tamanin ana neman takarda ɗaya. Amma tana so, ni kuma ina son jin ta tana yi wa 'yan wasan faɗa. Umma ungozoma ce kafin ta ajiye aiki. Rabin unguwar a hannunta suka faɗo, in ta ce abu ba a sake tambaya.

Muna cikin kallo mai ɗinkin layinmu ta yi sallama. Ta durƙusa ta gaida Umma, ta miƙa mata waya.

"Umma, dama tambaya zan yi, ke kwana nawa naki ya yi kafin ya dawo? Ni keken ɗinkina ɗaya na sayar na zuba."

Umma ta nisanta wayar daga idonta, ta daɗe tana kallon hoton fuskarta a ciki.

"Yaushe na faɗi haka?"

Na leƙa wayar. Ciyaman ya cire ni, ya cire kyanwar, ya bar Umma ita kaɗai. Na fizgo kwamfuta daga jaka, minti ɗaya na rufe shafin. Mai ɗinki ta ce ai ita ba a shafin ta fara gani ba, hoton ne ke yawo a waya. Na kira Ciyaman, a kashe. Na kira Yaya, ta ce ya yi tafiya tun shekaranjiya, sai ta fashe da kuka.

"Wa ya rubuta maganar?" Umma ta tambaya.

Na so in ce shi ne. Wallahi na so.

"Ni ce, Umma. Na wucin gadi ne, haka muke yi a aiki, cirewa za a..."

"Mutum nawa?"

Na buɗe rajistar waɗanda suka shiga. Arba'in da ɗaya. Ta ce in karanto. Ina karantawa tana faɗin ko waye. Wannan matar direba ce, tiyata aka yi mata. Wannan ni na yanke masa cibiya. Wannan mijinta ya rasu bara. Kafin in kai rabi kunya ta rufe ni har na kasa ɗaga kai.

Ba ta zage ni ba, da ta zage ni da na fi jin sauƙi. Ta kashe talabijin, ta dafa gwiwa ta miƙe da ƙyar, ta yafa mayafinta. Ta ce wa mai ɗinki ta yi haƙuri, ba ta san komai a kai ba, amma fuskarta ce, don haka ba za ta zame ba.

Sannan ta juyo, ba ta dube ni ba, kwamfutar ta duba.

"Ɗauko abin naki, ki sa takalmi. Gida arba'in da ɗaya ne, kuma ƙafata ba ta da sauri."