Kafaɗa ta Huɗu

Kwana biyu ke nan gawar Sonadhar na kwance a tsakar gida, ƙudaje har sun san hanya. An ɗaure makarar gora, an rufe shi da farin mayafi. Kafaɗa ce babu. Makara mutum huɗu take so, Kiristocin da suka yi ta maza suka zo kuwa uku ne, har da ɗansa. Fasto ma samari sun tare shi a gada da sanduna, sun kore shi.

Tsoho Lakhmu, maƙwabcinsa na shekara arba'in, yana tsaye a bayan darni da jan zaren ibada a wuyan hannu, yana jin komai.

"Magana ɗaya ce, Phulmati," in ji Jagnu, shugaban ƙauyen, ga matar mamacin. "Ki fasa kwakwa a gaban gunkin gari, ɗanki ya aske kai, ku dawo addinin kakanni, a ba shi wuri a maƙabarta. In kin ƙi, 'yan mishan ɗinku su zo su ɗauki kayansu."

"Shekara takwas yana kiran sunan Yesu," ta ce, muryarta a dushe. "Yau da bakinsa ya rufe zan sauya masa?"

Shi kansa Lakhmu bai taɓa yafe wa Sonadhar wannan sauyin ba. Tun ranar da Sonadhar ya koma coci, ko ruwan gidansa bai ƙara sha ba. Amma shekarar kwalara, da matar Lakhmu ta rasu kowa ya toshe hanci ya gudu, wa ya fara sa kafaɗa? Wannan dai mai taurin kan.

Sai ya ture darnin ya shigo.

"Kawu, ina za ka?" Jagnu ya daka masa tsawa. "Ka san doka. Wanda ya ba shi kafaɗa, ranar tasa ba mai ba shi. Ga ka ba ɗa, ba jika!"

Maganar ta soke shi, don ya sha tunanin wannan ranar, kuma yana tsoronta ƙwarai. Ya naɗe tawul ɗinsa ya ɗora a kafaɗar dama.

"To, ranar tawa ai ba ni zan ji warin ba, ku za ku ji. Kai Jagnu, ina kallo aka yanke maka cibi, matsa mini."

"Maƙabarta dai a rufe take!"

"Gonata a buɗe take."

Suka ɗaga. Makarar ta karkata ta gefensa saboda gajartarsa, amma bai yarda an sauke ba har gindin bishiyar mahuwa da ke ƙarshen gonarsa. Su suka yi addu'arsu, shi ya yi tasa a zuci.

Da ya dawo ya yi wankan tsarki kamar yadda al'ada ta ce, ya shafa jan garin ibada a goshi. A bakin famfo mata suka janye tulunansu, ba wadda ta gaishe shi.

Da yamma ya tarar da kofin shayi a kan turken darni, yana tururi. Phulmati na shara, ta ba shi baya. Ya daɗe yana kallon kofin. Sannan ya miƙa hannun hagu ya ɗauka, don na daman ya ƙi ɗaguwa.