Ƙwallon da Ba a Mayar wa Vernon Ba

Wasa ɗari huɗu da goma sha biyu Neville Ackroyd ya buga wa Calderby Town a matsayin ɗan baya, kuma ƙwallo uku kacal ya ci. Biyu da ka ya ci su a cikin turmutsutsu, shi kansa bai san yadda aka yi suka shiga ba. Ta ukun ita ce ke cikin akwatin gilashi a ƙofar ofishin kulob. Shekara ashirin da biyar ke nan Nev yana bin ƙofar baya don kada ya wuce ta gabanta.

Duk wanda ya girma a garin nan ya haddace labarin. Wasan ƙarshe ne na kakar wasa, mu da Thornsea Rovers, a filinmu. Kunnen doki ya ishe su su tsira, mu kuwa in ba mu ci ba mun faɗa rukunin ƙasa. Saura minti uku, babu ci, sai ɗan gabanmu ya faɗi yana riƙe da kai. Alƙalin wasa bai gani ba. Mai tsaron gidan Thornsea, Vernon Haigh, shi ya gani, ya buga ƙwallo waje don a shigo a duba shi. Ba doka ce ta sa shi ba, mutunci ne. Kuma kowa ya san yadda ake rama irin wannan: ku yi jifa, ku mayar wa mai ita abarsa.

Aka jefo wa Nev don ya mayar. Vernon ya baro ragarsa ya tako gaba, hannu ɗaya a sama, yana jira. Daga tsakiyar fili Nev ya ɗaga ƙwallo, ta bi ta saman kan Vernon, ta dira sau ɗaya, ta shige raga. Alƙali ya duba ya ga babu dokar da aka karya, ya busa. Muka tsira, Thornsea ta faɗi.

"Kuskure ne," in ji Nev a gaban 'yan jarida. "Mayar masa zan yi, ƙafar ta kuɓuce."

Aka kuwa yarda, don wa bai san ƙafar Nev ba? A wajen atisaye ana yi masa tsiya cewa ko ƙofar gareji aka buɗe masa sai ya bugi rufin maƙwabci. Rashin iyawarsa ne ya tsaya masa shaida. Amma babbar shaidar daga bakin Vernon ta fito, wanda suka taso tare a ƙungiyar matasa, suka shekara biyu a ɗaki ɗaya. Ya gaya wa jarida, "Na san Nev. Ba zai yi min haka ba." Mutanen Thornsea ba su yafe masa wannan ba. Suka laƙaba masa Fasto, suka fasa masa gilashin mota, kulob ya sallame shi kafin kaka ta kewayo. Ya ƙare a tuƙin motar bas.

Nev dai ya ɗaga kai a ranar. Sau biyu ma. Ya ga inda Vernon yake tsaye, ya ga raga a buɗe, ya auna, kuma a duk rayuwarsa ba a taɓa samun bugun da ya bi umarninsa kamar wannan ba. Ko matarsa Glenda bai taɓa gaya wa ba.

Ranar wata Talata sakatariyar kulob, Maureen, ta bugo masa waya tana ta murna. Ranar Asabar za a sa wa rumfar 'yan kallo ta gabas sunansa, a ciro ƙwallon daga gilashi a damƙa masa a tsakiyar fili.

"Kuma ka san wani abu, Nev? Vernon Haigh zai zo. Da na kira shi ko jinkiri bai yi ba. Ya ce in dai don kai ne, ko da rarrafe."

Nev ya ajiye waya ya zauna a kicin. Glenda ta juyo daga wajen tukunya ta dube shi.

"Wa ya mutu?"

"Babu kowa. Rumfa za su ba ni."

"To shi ne ka yi fuska kamar an ce za a cire maka haƙori? Ka sha shayinka, tsoho."

Bai sha ba. Kunya ce ta rufe shi, ba ta yau ba ce amma yau ta miƙe tsaye. Zai iya jure rumfa, zai iya jure tafi, ya saba. Abin da ba zai iya ba shi ne Vernon ya tsaya kusa da shi a gaban jama'a yana dafa masa kafaɗa. A tsaye ya gaya wa Glenda, yana kallon tagar kicin, jimla uku ba ƙari. Sannan ta kashe wuta, ta ɗauko makullin mota ta ajiye a gabansa.

"Ba ni za ka gaya wa ba," ta ce.

Washegari da hantsi ya tuƙa zuwa Thornsea. Ya samu Vernon a ɗan lambunsa na bayan layin dogo, durƙushe cikin albasa, ya yi tumbi, gashi ya tafi, amma hannuwan nan suna nan kamar faranti. Da ya hango shi sai ya miƙe yana dariya.

"Kai! Ga mai rumfa! Ɗingishin nan na mene ne, ko girman kai ne ya sauko gwiwa?"

"Gwiwar ce ta ƙare, Vern."

"Ai dama ba ta taɓa farawa ba. Zauna kan bokitin nan, akwai shayi a fulas. Sukari biyu har yanzu?"

Ya tuna. Wannan ya fi zagi ciwo. Nev ya karɓi kofi ya riƙe, Vernon yana ta zuba: jikokinsa, tsutsar da ke cin kabejinsa, rigar da matarsa ta saya masa don Asabar, wadda ba ta rufe cibiya. Sai Nev ya ajiye kofin a ƙasa.

"Vern, na gan ka."

"Ka gan ni ina?"

"Ranar nan. Na ɗaga kai na gan ka ka fito. Ba kuɓucewa ta yi ba. Can na nufa."

Vernon ya yi 'yar dariya, yana jiran ƙarshen barkwancin. Da bai zo ba, dariyar ta tsaya a fuskarsa ba ta san inda za ta ba. Nev ya taho da fatan abu guda a hanya, cewa Vernon zai ce ai na daɗe da sani, wawa. Da ya faɗi haka da an samu sauƙi. Amma mutumin bai sani ba. Ko sau ɗaya bai taɓa zarginsa ba, kuma ga shi nan a rubuce a fuskarsa.

Jirgin ƙasa ya wuce, suka jira ƙararsa ta mutu.

"Ka tuna ƙanena Stuart?" in ji Vernon, muryarsa a ƙasa.

"Na tuna shi."

"A bikin Kirsimeti na shekarar ya ce da gangan ka yi. A gaban mahaifiyarmu ya ce an mai da ni sakarai kuma ina godiya. Na fasa masa baki, Nev. Da hannun nan." Ya ɗaga shi ya duba. "Shekara goma sha tara ba mu yi magana ba. Ya ce in ce ya yi gaskiya, ni na ce shi zai ba da haƙuri. Da ciwon ya kama shi na je asibiti, na tarar ba ya gane kowa, a haka ya rasu."

Nev ya ce, "Ka yi haƙuri," kuma shi kansa ya ji yadda kalmar ta yi ƙanƙanta.

"Aikin bas bai dame ni ba. Fasto ma bai dame ni ba, har jikokina suna kirana haka. Ina cewa a raina, to, na yi abin kirki, tsautsayi ya gitta, shi ke nan." Ya zubar da sauran shayinsa a kan albasa. "Me ya kawo ka yau? Nauyi ya ishe ka, ka zo ka sauke min a lambu, inda babu kowa?"

"Me kake so in yi?"

"Zan zo ranar Asabar, an riga an sayi riga. Ka faɗa musu abin da ka faɗa min. Sannan ka mayar min da ƙwallona."

Ranar Asabar fili ya cika. A hutun rabin lokaci aka fito da su, shugaban kulob ya ja igiya, ƙyalle ya zame, ga sunan da manyan baƙaƙe: Rumfar Neville Ackroyd. Maureen ta miƙa masa ƙwallon, ta yi laushi, fatar ta tsattsage. Vernon bai tsaya kusa da shi ba. Ya taka shi kaɗai har bakin da'irar gida ta wancan gefen, daidai inda ya tsaya a wancan karon, ya juyo.

Aka ba Nev makirufo.

"Na gaya muku kuskure ne," ya ce. "Ƙarya na yi. Mutumin can ya fitar da ƙwallo don ya taimaki ɗan wasanmu, na ga ya bar raga, na ci shi da gangan. Ku cire sunan nan."

Filin ya yi tsit. Ya sunkuyar da kai yana jiran ihu, yana ma son sa, don ihun zai zama wani abu da ya biya.

Sai wani daga bayan raga ya kwarara murya, "Ashe ka iya, Nev!" Dariya ta fashe. Kafin ka ce me, rumfar gabas ta ɗauki waƙa, ana buga ƙafa ana tafi: da gangan ya yi, da gangan ya yi! Mutanenmu ke nan, ina cikinsu, kuma ba zan ce bakina a rufe yake ba. Shekara ashirin da biyar muna son sa don sa'a, yau muka ji ashe wayo ne, muka ƙara son sa. Nev ya tsaya a tsakiyar wannan ƙauna kamar wanda aka tuɓe a kasuwa.

Ya ajiye ƙwallon a ƙasa ya buga wa Vernon. Gwiwa ta ƙi, ƙwallon ba iska, ta gangara kaɗan ta tsaya ko rabin hanya ba ta kai ba. Aka sake kecewa da dariya. Vernon bai motsa ba, hannunsa ɗaya a sama. Dole Nev ya ɗingisa ya je ya sunkuya ya ɗauka, ya bi sauran filin da ita a hannu, waƙar tana binsa, har ya sa ta cikin hannuwan nan biyu.

Ya miƙa nasa hannun. Vernon ya dube shi, ya gyara ƙwallon a hammata.

"Ba ni da lokaci, Nev," ya ce. "Makabarta ƙarfe biyar ake rufewa, kuma akwai wanda zan je in gaya wa ya yi gaskiya."