Kaka Mpaayon da Tsohuwar Giwa

Shekarar da rani ya yi tsawo, danginmu suka tashi daga gindin duwatsun Ndoto zuwa busasshen kogin Milgis, inda ake haƙa yashi a sami ruwa. Maza suka kora shanu tun da sassafe. Ni aka bar wa jakuna biyu da kakata Mpaayon, wadda ƙafarta ta dama ta daɗe da ƙin tafiya.

Duk inuwar da muka tarar sai ta zauna. Da muka kai ta biyar haƙurina ya ƙare.

"Kaka, in haka za mu yi, damina za ta riske mu a hanya."

"To ai shi ke nan, Sintiwan, an huta da haƙar rijiya," in ji ta, tana murza gwiwa.

Rana ta take tsaka sai jakunan suka ja suka tsaya, kunnuwa a miƙe. Kaka ta kama zanena, muka raɓe bayan wata farar ƙaya. Giwaye ne, su tara, suna ratsa hanya a gabanmu. Iska daga wajensu take busowa, don haka ba su ji warinmu ba.

Har na miƙe za mu wuce, Kaka ta ce, "Zauna. Da saura."

Can sai ga wata tsohuwar giwa ita kaɗai, haure ɗaya a karye, fata duk ta saki, tana jan ƙafar baya. Sauran suka dakata a gaba, ba wadda ta yi gurnani. Wata babba ta dawo, ta karyo reshe mai ɗanyen ganye, ta yar a gabanta. Tsohuwar ta daɗe tana tauna.

"Haƙoranta sun ƙare, irin nawa," Kaka ta raɗa mini. "Na san ta. Shekarar da aka kawo ni gidan kakanki tana da ɗanta na fari. Ta taɓa koro ni daga rijiya, na zubar da gorar nono, na bar takalmi ɗaya."

"Kuma kike kallonta kamar ƙawa?"

"Duk waɗanda muka yi ƙuruciya tare sun tafi. Ita kaɗai ta rage." Ta harare ni. "Kin ji waccan babbar ta yi mata zancen damina?"

Na yi dariya, amma kunya ta kama ni. Da suka yi nisa na sauke kayan jaki ɗaya, na ce ta hau.

"Allah ya kiyaye. Tsarata na tafiya da ƙafarta, ni in hau jaki?"

Haka muka bi sawunsu a hankali, hannunta a kafaɗata. Sai la'asar muka isa. Yayana Loldepe da sauran maza sun riga sun haƙa rijiyoyi uku, suna saran ƙaya za su kewaye su don kada giwaye su rusa.

Kaka ba ta ko zauna ba. Ta nuna ta ƙarshe, mai sauƙin gangara, ta ce a bar wannan a buɗe.

"Haba Kaka," in ji Loldepe, "kin san wahalar da muka sha kuwa?"

"Na sani. Akwai mai ciwon ƙafa da ba za ta iya haƙa ba."

Ya dube ni yana neman in goya masa baya, na sunkuyar da kai. Ya yi ta ƙunƙuni, amma ya janye ƙayar.

Washegari da hantsi giwayen suka zo. Suka tsaya gefe har tsohuwar ta sha ta ƙoshi, sannan ƙanana suka matso suna ture juna. Muna can nesa a kan tudu, Kaka tana kurɓar shayi, tana faɗa mini wace ce 'yar wace.