Giram Arba'in da Shida

Malama ta sake zaro farantin daga tanda, karo na uku ke nan, ta bar shi ya huce, sannan ta juye garin allin a sikeli. Giram arba'in da shida. Bai ƙara sauka ba, wato ya bushe ƙayau.

Shekara goma sha bakwai ta yi tana koyar da ilimin sinadarai kafin a rufe makarantarsu. Yau shekara biyu tana yawo da takardu a jaka, duk inda ta je sai a dubi furfurar da ta leƙo ta gefen ɗankwalinta a ce za a neme ta. Wannan ɗan kamfanin garin alli ne kaɗai ya kira ta gwaji: gurbi ɗaya, mutum biyu. A gida kuwa maigidanta na kwance, ɓarin jikinsa ya shanye, ita ce hannunsa, ita ce ƙafarsa, ita ce kuma cefanensa.

Gwajin ba wani abu ba ne a wurinta, ko daga barci aka tashe ta za ta yi shi. An ba kowa sinadarin kalsiyam kulorayid giram hamsin da biyar da rabi, ya haɗa shi da soda ya fitar da alli. Mol ɗaya nasa, wato mudun awon masana sinadarai, giram ɗari da sha ɗaya ne, ke nan rabin mol aka ba su. Rabin mol na soda zai cinye shi, giram hamsin da uku, ta auna daidai. Alli kuma mol ɗaya giram ɗari ne, don haka iyakar abin da zai fito hamsin ne, shi ma a takarda. A zahiri wani zai maƙale a kwalba, wani a takardar tacewa.

Abin da ya tsaya mata a rai shi ne abokin takararta. Ɗalibinta ne na dā, wanda ta raɗa wa suna Sarkin Gaggawa saboda kullum shi ke fara miƙa takardar jarrabawa. Yanzu har da gemu. Da safe ya durƙusa ya gaishe ta, ya kasa haɗa ido da ita. Sau ɗaya tak ta ga ya sa garinsa a tanda, minti goma ya fito da shi.

Manaja ya shigo yana kaɗa makullin mota. Gadon wurin ya yi, ko a hanya suka yi kiciɓis da mol ba zai gane shi ba.

“To, nawa kowa ya samu?”

“Arba'in da shida, ranka ya daɗe,” in ji Malama.

“Kai fa?”

Sarkin Gaggawa ya ɗora nasa a ɗaya sikelin. “Hamsin da huɗu, yallaɓai.”

Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Daga inda take tana hango garin ya dunƙule, yana manne da cokali.

“Ranka ya daɗe,” ta ce a hankali, “lissafin ba ya wuce hamsin. Duk abin da ya hau kai, ba alli ba ne.”

Manaja ya bushe da dariya. “Haba Malama! Ga abu a sikeli kina ce mini takarda? Ai yaron nan ya wuce lissafin naki. Ni wanda zai cika mini buhu nake nema.”

Kalma ɗaya ta rage ta faɗa: ruwa. Da ta ce a mayar da garin tanda rabin awa, da an ga sauran. Ta buɗe baki, sai idonta ya faɗa kan takalmin ɗalibin nata, wanda aka ɗinke bakinsa da zaren da ba kalarsa ba. Ta haɗiye maganar. Nan take manaja ya ba shi gurbin.

A bakin ƙofa Sarkin Gaggawa ya cim mata tana gyara mayafi.

“Malama, wallahi ban manta ba. Sai an auna sau biyu nauyin bai canza ba, haka kika koya mana. Amma iyalina ta sauka makon jiya, tagwaye.”

“Allah ya raya,” ta ce. “Daga gobe ka riƙa busarwa. Masu saye ba manaja ba ne.”

Ta koma ɗaukar jakarta. An bar garinsa a sikeli ƙarƙashin fanka, lambar ta sauko hamsin da uku da ɗigo bakwai. Ba kowa a ɗakin sai ita.

A bas ba ta yi kuka ba, gajiyar ta fi ƙarfin kuka. Ta san ba wanda zai sake kiranta, wannan ce ƙofar ƙarshe.

La'asar ta yi sanyi da ta isa gida. Maigidan ya juyo da kansa da ƙyar. Shekara da shekaru yana zaune gefenta tana duba takardun ɗalibai, har lissafin ya zauna masa.

“Nawa... ya kamata?” ya tambaya da rabin bakinsa.

“Hamsin.”

“Kin samu?”

“Arba'in da shida.”

Ya lumshe ido yana motsa leɓe, can sai gefen fuskarsa mai rai ya yi murmushi.

“Kashi casa'in da biyu. Ai kin ci, uwargida. Yaushe za ki fara?”

Ta sunkuya ta gyara masa matashi, ta daɗe tana gyarawa.