Sunan da Kaka Zerelda Ta Ba Ni Ajiya

A wurinmu 'yan ƙabilar Wayandot ta Amurka ba a tsintar suna a hanya. Kowace zuriya da nata, kuma daga aikin dabbar zuriyar ake ƙera shi. Mu 'yan zuriyar Barewa ne ta wajen uwa, don haka sunayenmu ba sa wuce abin da barewa ke yi: mai tsallake rafi, mai ɗaga kai ta saurara. Kakata Zerelda kaɗai ta rage mai iya ƙera su.

Shekarar da 'yata Lenore ta fara tafiya na kai ta gidan Kaka a bakin rafin Lost Creek. Kwana uku tsohuwar tana surfen masara tana kallon yarinyar. Ran na huɗu ta kira ni.

"Opal, zo nan, mai kunnen ƙashi. Na samo mata suna."

Ta faɗi kalma guda, doguwa kamar igiyar shanya. "Kin riƙe? Ke za ki gaya wa dattijo mai shelar sunaye ranar bikin sabuwar masara. Ƙafafun nan ba za su kai ni ba."

"Na riƙe, Kaka."

Ƙarya nake yi. Tun da aka kai ni makarantar kwana harshenmu ya zube mini, shekara ashirin ina gyaɗa mata kai kawai don kada ta gane.

"Maimaita in ji."

"Haba Kaka, sai ka ce yarinya? Ga Virgil can yana jira a mota."

"Mijin nan naki ko kabari da gudu zai shiga," ta ce tana dariya, ta sallame ni.

Na ce a raina zan dawo da takarda da fensir. Yau, gobe, har mako uku. Jana'izarta ce ta dawo da ni.

Ranar biki dattijo ya ɗaga Lenore a gaban jama'a, ya dube ni. Na buɗe baki, farkon kalmar kawai ya fito. Ya jira. Ya tambayi matan Barewa ɗaya bayan ɗaya, babu wadda ta taɓa ji. Sai ya sauke Lenore a hankali ya ce, "'Yata, ba a shelar rabin suna."

Har yau abin yana cina, kuma ba na ganin laifin kowa sai nawa. Lenore ta yi furfura yanzu. Bara ta ce mini, "Mama, bar batun kalmar. Me Kaka ta ga ina yi?"

Ko wannan ban tambayi Kaka ba.