Igamar Ghali

Tun ranar Litinin Malam Badamasi ya ga jakar. Ya hau rufin gidansu na unguwar Shumaisi a Riyad ya duba ko ruwa ya shiga tanki, sai ga ta jingine a bayan tankin, baƙa, doguwa, ta kusa kai masa kafaɗa, an sa wa zif ɗinta ɗan kwado. Ya lalluba. Abu ne mai tauri, da wasu ƙarafa a tsakiya. Ya sauko.

Washegari ya ga sauran kayan a ƙarƙashin gadon Ghali: takalma masu nauyi kamar na soja, tabarau mai cinye rabin fuska, da hular da ba ta barin komai sai ido.

Ghali ɗansa ne na fari, shekararsa ashirin, haifaffen Riyad, yana gyaran waya a wani shago. A gidan da Badamasi ya tashi, uba ba ya zaman hira da ɗan fari, ko sunansa ba ya kamawa. Shekara ashirin da biyar yana tuƙi a ƙasar nan, ya saki al'adu da yawa, wannan kam ba ta sake shi ba. Duk maganarsa da yaron ta bakin matarsa Muhibba take bi.

"Ke, ɗan nan naki ina za shi?"

"Ai na gaya maka, Malam. Tabuka, shi da su abokinsa Musbahu. Dusar ƙanƙara ta sauka a kan wani dutse, za su je wasan zamiya, Asabar su dawo."

"Ƙanƙara. A Saudiyya."

"Ga ta nan a waya, har a tozon raƙuma."

"Yaron da ko firji ya buɗe sai ya yi atishawa? Kin san tsakanin Tabuka da bakin iyaka? Ni direba ne, na sani."

Muhibba ta gane inda ya dosa. Bara, ɗan wani mai sayar da turare a masallacinsu ya ce za shi Umra da abokai. Bayan kwana tara ya bugo waya daga ƙasar da ake yaƙi. Shi ma yaro ne shiru-shiru. Shi ma ya fara tara gemu.

"To ka tambaye shi mana. Ka ce ya buɗe maka jakar."

"Ni? In tsaya gabansa in ce me?"

Ranar Alhamis da safe, Ghali yana wanka, Badamasi ya zaro igamarsa, katin izinin zama, daga walat ya sa a aljihun jallabiyya. Dabarar ta yi masa kyau. Baƙo a ƙasar nan ba ya taka ƙofa sai ya shafa aljihu ya ji katin zamansa na nan. Shi kansa sau uku yake shafawa kafin ya kai bakin titi. Yaron zai duba ya rasa, ya yini yana birkice ɗaki, abokan su gaji su tafi. Ba faɗa, ba tambaya.

Ya dawo daga aiki da Azahar, ya tarar da ɗakin tsaf.

"Sun tafi tun ƙarfe goma," in ji Muhibba. "Ya ce a gaishe ka."

"Bai nemi komai ba?"

"Kamar me?"

Ya zauna a bakin kujera. Abin da bai taɓa kawo wa ransa ba ke nan: yaron da aka haifa a nan, mai Larabci kamar ɗan asalin yankin nan na Najdu, ba ya shafa aljihu.

Kafin ya cire silifa waya ta yi ƙara. Musbahu ne. An tsayar da su a shingen bincike gaba da garin Majma'a, askar, wato jami'an tsaro, sun sauke Ghali. Sun ce in ba a kawo katin ba kafin su canja aiki, za su miƙa shi gaba. Badamasi ya san abin da gaba take nufi ga marar takarda. Ana iya loda shi jirgi zuwa Kano, garin da sau biyu kacal ya taɓa gani.

Maƙwabcinsa Saidou, mutumin Maraɗi, ya ɗauke shi a tsohuwar motarsa. Tafiyar awa biyu ce. A hanya Saidou ya ce, "Malam, bar taka birki, ba kai ka tuƙi ba."

Sun iso La'asar sakaliya. Jakunkunan suna ƙasa, askar sun riga sun sa an buɗe. Alluna ne dogaye masu zane-zane, da maɗaurin ƙafa a tsakiya. Wani askar ya hau ɗaya yana kwatanta wa ɗan'uwansa, suna dariya. Ghali na zaune a benci, kansa a sunkuye.

Badamasi ya miƙa katin. Aka duba, aka mayar.

"A ina aka gan ta, Baba?" Hausar Ghali ta fito a karye, kamar kullum.

Badamasi ya kalli kwalta. "A aljihuna."

Yaron ya daɗe yana kallonsa. "Ka ɗauka ni ma irin ɗan mai turare ne."

Idon Badamasi na kan allunan, yana ƙirgawa. Ya juya ga Musbahu.

"Allo huɗu. Ku biyar."

"Karɓa-karɓa muke yi, Baba. Wallahi tsada gare su."

Zai iya zama gaskiya. Ya dubi sauran samarin uku, bai san uban ko ɗaya ba. Ya dubi hanyar da ta miƙe arewa zuwa Ha'il.

"Saidou, koma gida. Ka gaya wa uwar yaron sai Asabar." Ya miƙa wa Musbahu hannu. "Kawo makullin. Hanyar Ha'il ba ta yara ba ce."

"Baba, silifa ne fa a ƙafarka. Can sanyi kisa yake," in ji Musbahu.

"Kawo."

Ghali ya kwashi allonsa ya tura a but ɗin motarsu. Bai koma kujerarsa ta gaba ba, ya wuce can ƙarshe ya zauna jikin taga. Badamasi ya gyara madubi har fuskar yaron ta shigo ciki, sannan ya tayar da mota.