Keken Ɗinkin Inna Tela

"Sake shi, na ce!"

Mai kwasar shara ya dubi tsohuwar da ta damƙe bakin buhun da hannun hagu, ya dubi matar gidan da ke tsaye a ƙofa, ya rasa wadda zai bi. Buhun ya riga ya hau baro, gefensa ya ɓarke, ƙyallaye ja da kore suna zubowa kan ɓawon ayaba.

"Mama, ni dai ce mini aka yi shara ce."

"Wanda ya ce maka shara ce, da ita na lulluɓe shi yana jariri. Sauke."

Ya sauke.

Inna Tela ake ce mata. Ta tsufa tana ɗinki a bakin kasuwa, kuma ba ta taɓa yarda guntun yadi ya tafi bola ba. Sai ta tara, ta yanka, ta haɗa, ya zama bargo ko jaka ko rigar matashin kai. Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da ita. Baki ya miƙe, ƙafa ta dawo, hannun dama ne ya ƙi. Autanta, wanda ke aikin ofis, ya ɗauko ta ya dawo da ita gidansa, ita da kekenta da buhunanta.

"Inna, wallahi ba ni ba ce," in ji matar Auta, tana murza gefen zaninta. "Shi ya ce ɓeraye sun fara shiga. Kuma likita ya ce ki huta."

"Ya ce in huta, bai ce in mutu ba."

Matar ta sunkuyar da kai. "Gara dai ki ji daga bakina. Da yamma zai zo da wanda zai sayi keken. Ya ce ganinsa ne ke sa ki kuka."

Inna Tela ta ja buhun da ƙafa da hannu har ɗakinta, ta zaɓi ƙyallayen da suka fi kyau ta cusa a jaka, ta rataya a wuya, ta fito. Matar Auta ta biyo ta har bakin titi tana roƙo. Da bas ta tsaya, tsohuwar ta kama ƙarfen ƙofa ta hau da kanta, ta ture hannun wani da ya miƙo zai taimaka.

Duk ranar Asabar mata masu ɗinki kan haɗu a ɗakin bayan shagon mai zare, su baje ƙyallayensu a kan dogon tebur su yi musaya. Dokar wurin ɗaya ce: wadda ta ɗauka sai ta ajiye. Tun da ta kwanta ciwo Inna Tela ba ta leƙo ba, sai wannan Asabar ɗin.

Tana shiga hira ta tsaya cak. Sai kuma aka taso mata gaba ɗaya, wannan na sannu, waccan na share hawaye. Aka zaunar da ita a kujera mai taushi. Kafin ta buɗe jakarta an tula mata ƙyallaye a cinya, har da wani shuɗin siliki da ta san mai zare ba ta rabuwa da irinsa.

"Me zan ba ki a kan wannan?"

"Haba Yaya, bar shi kawai. Ke da ba ki da lafiya."

Inna Tela ta miƙe, ƙyallayen suka zube ƙasa.

"Bara na zo yi? Ku dube ni da kyau. Hannu ne ya mutu, ba ni ba." Ta zazzage jakarta a kan teburin. "Ba ni gishiri in ba ki manda. In ba haka ba kowa ta riƙe kayanta."

"To, masifaffiyar ta dawo," in ji wata murya daga lungu. "Na zaci ciwon zai rage miki baki."

Uwar Biyu ce. Tun suna 'yan mata suke gasar ɗinki, kowacce na kushe aikin 'yar uwarta. Ita kaɗai ce ba ta taso ba. Tana zaune ta kai wani ƙyalle har kan hancinta tana dubawa.

Inna Tela ta matsa kusa. "Ke kuma wannan wane haɗi ne? Ruwan ƙasa da ruwan hoda? Mahaukaci za ki ɗinka wa?"

"Ba ja ba ne?"

Sai a lokacin ta lura da farar yanar da ta rufe idanun matar. Uwar Biyu ta ajiye ƙyallen a hankali.

"'Ya'yana sun ɓoye mini allurai," ta ce da ƙaramar murya. "Sun ba da kekena. Nan ma zuwa nake in shafa yadi, in ji ɗumin mutane."

Inna Tela ta dubi hannuwan nan biyu, masu kauri, masu ƙarfi, suna kwance a cinya ba aikin yi. Ta daɗe tana kallonsu.

"Tashi," ta ce. "Na samu abin da zan yi musaya da shi."

Da yamma Auta ya shigo gida da wani mutum a bayansa. Tun daga zaure ya ji ƙarar. Ya bar baƙon a tsakar gida ya ɗaga labulen ɗakin mahaifiyarsa.

Tsofaffi biyu ne a kan benci ɗaya, kafaɗa na gogar kafaɗa. Inna Tela na taka feda, idonta a kan allura. Uwar Biyu ta ɗora hannu biyu a kan yadin tana tura shi.

"Hagu. Hagu na ce, ke ba ki san hagunki ba? Tsaya!"

"Ke ce kike gudu kamar an biyo ki!"

"Inna!" Auta ya ɗaga murya. "Mene ne haka? Baiwar Allahn nan ba ta gani. Allura za ta huda mata yatsa."

"Yatsanka ne?" in ji Uwar Biyu. "Ka gaishe ni tukuna, marar kunya. A bayana ka yi fitsari ba sau ɗaya ba."

Ya durƙusa ya gaishe ta. Daga ƙofar kicin aka ji dariyar matarsa ta kuɓuce.

"Inna, don Allah ki fahimce ni," ya ce, muryarsa ta yi laushi. "Ni na tsince ki a ƙasa ranar nan, a gindin keken nan. Ba na so in sake gani."

Ƙafar tsohuwar ta tsaya. Ta dube shi, ta ga idanunsa sun kaɗa.

"Na sani, Auta. Allah ya yi maka albarka. Amma in zan sake faɗuwa, gara in faɗi a nan da in faɗi a gado ina ƙirga silin. Keken nan ba na sayarwa ba ne."

Auta ya ɗago abin da suka ɗinka, jerin ƙyallaye masu kusurwa huɗu da ya fara tsawo. "To dubi ma. Ɗinkin a karkace yake."

Inna Tela ta karɓa ta kai shi wajen hasken taga. Gaskiya ya faɗa. Layin ya tafi kamar sawun maciji, irin aikin da a da ko 'yar koyo ta kawo mata sai ta sha faɗa.

"A karkace yake," ta ce. "Warware shi, Uwar Biyu. Daga farko."

"Laifinki ne ai."

"Naki ne. Warware."

Suka warware, Inna Tela ta sake zura zare da hannun hagu, sai a karo na uku ya shiga. Jelar yadin ta zamo daga teburin keken tana jan ƙasa.

"Kai, tunda kana tsaye, ɗaga mana nan kada ya kwashi ƙura," ta ce da ɗanta.

Auta ya ajiye makullin motarsa a kan gado, ya sunkuya ya tattaro yadin da hannu biyu.

Daga tsakar gida baƙon ya yi gyaran murya. "Maigida, a shigo a fito da keken ne?"

Inna Tela ta taka feda, ƙarar ta cika ɗakin.